Tun Ran Gini Ran Zane: Yadda Ake Fitar da Gida Mai Iska a Ƙaramin Fili a Gombe

A cikin zafin watan Afrilu na raka goggona dubiyar jikanta a wani tsohon gida cikin garin Gombe. Na san gidan tun ina yaro. A lokacin yana da tsakar gida mai faɗi, da bishiyar maina a tsakiya, da randuna jere a gindinta. Da mai gidan ya rasu aka raba gado, kowane magaji ya tayar da ɗakinsa, wani ya ƙara na haya, har tsakar gidan ta koma lungun da sai mutum ya karkace kafin ya gifta ɗan'uwansa. Ɗakin da yaron yake kwance taga ɗaya gare shi, ita ma bangon maƙwabci take kallo, tsakaninsu bai kai kamu ɗaya ba. Ƙarfe ɗaya na rana, amma sai da uwarsa ta haska fitilar waya kafin ta ga cokalin magani. Mutum shida ke kwana a ɗakin.

Da muka fito Goggo ta tsaya tana share gumi da gefen mayafi, ta ce, "Kai da kake aikin gini, haka kuke yi wa bayin Allah?" Na ce, "Goggo, kowa nasa ya gina, ba wanda ya tsara." Ta ce, "To ai sai ku riƙa faɗa musu tun kafin su kafa bulo."

Abin da na zauna yi ke nan. Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996 garin yake cika yana batsewa, ga ma'aikata, ga 'yan kasuwa, ga 'yan'uwanmu da rikicin Boko Haram ya taso daga Borno da Yobe suka zauna. Cikakken fuloti, ƙafa 50 da 100, ya fi ƙarfin yawancin masu albashi, a Jekadafari ko Bolari ko Herwagana kuwa samunsa ma aiki ne. Abin da hannu ke kaiwa shi ne rabin fuloti, hamsin da hamsin, wato murabba'in ƙafa 2,500, ko kuma ɗan yankin da gado ya ba mutum. Wannan ya ishi iyali su zauna cikin lafiya, da sharaɗi ɗaya: a fara ware inda ba za a gina ba, sannan a zo maganar ɗakuna.

Mataki na farko: ka san filin

Garin Gombe a kwari yake zaune, tuddai sun kewaye shi, ƙasar kuma yashi ce mai saurin zaizayewa. Wanda ya taɓa ganin ramukan da ruwa ya ci a wajen Malam Inna da Kagarawal ba ya bukatar dogon bayani. Saboda haka filin da ka gani da rani rabinsa ka gani. In da hali, ka koma a watan Agusta, bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi da kamar awa ɗaya, ka ga daga ina ruwan yake gangarowa, ina yake kwanciya, ina yake fita. In ba za ka iya jira ba, bangon maƙwabta zai ba ka labari: layin danshi da farin gishiri-gishiri a ƙasan katanga yana nuna inda ruwa ke kaiwa. Tsagewar da ta taso a kaikaice daga kusurwar taga kuma sau da yawa alamar yumɓu ce mai kumbura da damina ta tsuke da rani, kuma akwai irin wannan ƙasa a wasu sassan garin. Irin wannan wuri yana son fandisho na musamman, ka gaya wa injiniya tun farko. Fili a bakin kwari kuwa, komai arharsa ka haƙura, domin ramin kowace shekara matsowa yake.

Takarda ma ka gama da ita yanzu. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sanya filayen birni a hannun gwamna, don haka takardar ciniki mai sa hannun dillali da mai unguwa kaɗai ba ta wadatar ba. Ka bincika filin a GOGIS, hukumar da ke kula da bayanan filaye a jihar Gombe, safiyo ya auna ya kafa alamun iyaka, sannan ka kai zanenka hukumar tsara birane. Ka nemi su faɗa maka tazarar da za ka bari daga titi da kuma daga maƙwabta, ka rubuta, domin da ita za ka yi duk lissafin da ke tafe.

Sai ka yi sallama da maƙwabtanka na gefe da na baya, ka tambaye su inda salgarsu take, da sokawe (ramin da ruwan ƙazanta ke tsanewa cikin ƙasa), da rijiya ko burtsatse. Ka sa alama a takarda. Za ka ga amfaninsa nan gaba.

Na biyu: ƙirga mutane

Kafin ka ce "ɗaki huɗu nake so", ka rubuta sunayen waɗanda za su kwana a gidan yau, da waɗanda kake tsammani nan da shekara goma. Addini ya ce a raba wa yara makwanci in sun kai shekara goma, saboda haka ɗakin maza da na mata yana zuwa ko ba ka shirya ba. In mahaifiya za ta dawo wurinka, ɗakinta a ƙasa zai kasance, kusa da banɗaki. In kana da niyyar ƙara aure, ka sa shi a lissafi tun yanzu, ɗakuna daidai wa daida. Yawancin gidajen da suka toshe, wannan lissafin ne ba a yi ba, sai bukata ta taso aka waiga aka ga ba wurin da ya rage sai tsakar gida.

Na uku: zana tsakar gida da toka

Nan ne zan fi daɗewa, domin nan gidan yake gyaruwa ko ya ɓaci.

Ka samu igiya, da turaku, da tef na awo, da bokitin toka. Ka je filin da la'asar tare da uwargida, domin ita ce za ta wuni a ciki. Abu na farko da za ka shata da toka shi ne tsakar gida. Ƙa'idar da nake bi ita ce duk abin da aka rufa, har da baranda, kada ya wuce kashi 60 cikin 100 na filin, in ya tsaya a rabi ya fi.

Ga misali a fili hamsin da hamsin wanda titi yake kudu da shi. Daga katangar baya ka bar ƙafa 4, wannan ita ce hanyar iskar ɗakunan kwana. Sai ka jera ɗakuna uku masu ƙafa 12 da 12, da banɗaki mai faɗin ƙafa 5. Da kaurin bango duka za su ci wajen ƙafa 45, abin da ya rage ya zama tazara a gefe. A gabansu ka fitar da baranda mai zurfin ƙafa 6. Daga nan sai ka sauko ta gefen yamma da kicin mai ƙafa 10 da 12, sannan falo mai ƙafa 12 da 14 a kusurwar da ke bakin titi. Ginin ya zama kamar kwana, hannu ɗaya a arewa, ɗaya a yamma. In ka haɗa duka, abin da aka rufa wajen murabba'in ƙafa 1,200 ne, ƙasa da rabin filin ke nan, tsakar gida kuma ta tashi wajen ƙafa 35 da 26. In hukuma ta ce ka ja baya daga titi, ko kana son ɗan banɗakin baƙi a gaba, akwai inda za ka rage ba tare da ka shaƙe gidan ba.

Falo ka ba shi ƙofa biyu, ɗaya ta waje don baƙi maza, ɗaya ta ciki. Shi ne ya tsaya a matsayin zaure. Ƙofar shiga gida kuma ka sa mata 'yar katanga a gabanta daga ciki, tsawon ƙafa 6 zuwa 7, yadda mai wucewa a titi ba zai hango mata ba ko an bar ƙofa a buɗe. Dabarar da magabata suka yi ke nan da zaure da shigifa, nan an taƙaita ta ne kawai.

Idan ka gama shatawa, ku shiga ku zagaya kamar an riga an gina. Ta tsaya a kicin ta ga ko za ta iya hango yara a tsakar gida. Ku shimfiɗa tabarma a inda gado zai zauna ku ga ko ƙofa za ta buɗe. Ku nemi inda za a yi shanya, inda turmi zai zauna, inda za a ɗaure ragon layya, inda mata za su zauna ranar suna. Na taɓa tsayawa a kan wani aiki a wajen Tumfure, mun gama zuba toka, matar gidan ta taka daga kicin zuwa inda muka sa tankin ruwa tana ƙirga taku, ta juyo ta ce da mijinta, "Malam, sau nawa zan yi wannan tafiyar a wuni?" Nan take muka share da ƙafa muka matso da tankin. Da bulo ne, da sai an rushe.

Kada ka yarda a zana maka gida mai dogon lungu a tsakiya da ɗakuna hagu da dama. Lungun yana cin ƙafa 4 a banza, yana da duhu, kuma yana hana kowane ɗaki samun iska ta ɓangare biyu. Baranda tana yin aikinsa, ga shi kuma ana zama a cikinta, ana cin abinci, ana kwana lokacin zafi.

Wanda gado ya ba shi siririn wuri, kamar ƙafa 25 da 50, shi ma ƙa'idar ba ta sauya ba. Ya sa ɗaki a gaba da ɗaki a baya, ya bar fili a tsakiya ko da ƙafa 12 da 15 ne, sauran bukata ya neme ta a sama.

Na huɗu: rana da iska

Zafin da ke hana barci a Maris da Afrilu yawancinsa bangon yamma ne ke tara shi daga azahar zuwa magariba, ya riƙa sakinsa cikin ɗaki har tsakar dare. Shi ya sa a misalin can na sa kicin da falo a yamma: ba a kwana a cikinsu, kuma inuwarsu tana faɗawa tsakar gida da la'asar. Ɗakunan kwana tagoginsu su kalli arewa da kudu, inda rana take wucewa ta sama kuma ɗan fitowar rufi ya isa ya tare ta. In titinka ba a kudu yake ba, ka juya tsarin, amma ka riƙe wannan: sito, matakala, banɗaki da kicin su ne garkuwar yamma.

Hadari a wajenmu daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi, don haka taga ko ƙofar da ke gabas tana son rumfa. Iskar damina mai sanyi daga kudu maso yamma take zuwa, hunturu da ƙurarsa daga arewa maso gabas. Tagogin arewa su zama masu rufuwa ruf.

Na biyar: taga, tsayi da rufi

Ciwon sanƙarau lokacin zafi da ƙura yake tashi, kuma ya fi yaɗuwa inda mutane suka cunkushe a ɗakin da iska ba ta zagayawa. Tarin fuka ma ta numfashi ake ɗaukarsa, a irin wannan ɗakin. Taga ɗaya ba ta fitar da iska, sai an samu mashiga da mafita. Saboda haka kowane ɗakin kwana ya samu taga biyu a bango daban-daban, zai fi kyau su fuskanci juna: ɗaya ta baranda, ɗaya ta wannan ƙafa 4 da ka bari a baya.

Girman taga kada ya gaza kashi ɗaya cikin goma na daɓen ɗakin. Ɗaki 12 da 12 murabba'in ƙafa 144 ne, taga mai ƙafa 4 da 4 kuwa 16 ce, ka ga guda ɗaya ta cika mafi ƙarancin ƙa'ida, biyu kuma su ne daidai da zafinmu. Ka lura da tagar silaidin da ake yayi: rabinta kaɗai ke buɗewa. Mai marfi da ke buɗewa waje, ko mai gilashi falle-falle, ita ke ba da iska duka. Kowace taga a sa mata ragar sauro a firam ɗin da za a iya cirewa a wanke, domin ragar da ƙurar hunturu ta toshe ta zama bango.

Ƙarfen taga kuma, ina roƙonka, a kowane ɗakin kwana ka sa mai walda ya yi guda ɗaya mai buɗewa daga ciki, makullinsa a rataye kusa inda babba zai kai hannu cikin duhu. Gobara ta fi tashi da dare lokacin sanyi, kuma mutane da dama ƙarfen da suka sa don ɓarawo ne ya hana su fita.

Daga daɓe zuwa silin ka ba shi ƙafa 10, wajen jeri 12 na bulo ke nan. Magini zai ce a rage jeri ɗaya don sauƙi, kada ka yarda, domin iska mai zafi sama take taruwa, kuma fankar sama tana son wuri. A saman linta, wato kankaren da ke bisa ƙofa da taga, ka bar ƙananan kafofi masu raga, su ne ke fitar da zafin ko an rufe tagogi da dare.

Kwano mai haske ya fi mai duhu sanyi nesa ba kusa ba. Ka bar shi ya fito ƙafa 2 zuwa 3 daga bango don inuwa da kare bango daga ruwa, a kuma bar kafar iska mai raga tsakanin kwano da silin. Rufin da ake ɓoyewa a bayan katanga yana da kyan gani, amma ba ya ba bango inuwa, kuma in ganye ya toshe indararonsa cikin ɗaki ruwan yake komawa. Kafinta ya ɗaure katakon rufi da ƙarfe a jikin kankaren sama, saboda iskar farkon damina. In tsohon gida kake gyarawa ka tarar da silin asbestos, kada a fasa shi a bushe, ƙurarsa tana illa ga huhu. A jiƙa shi, a cire shi falle-falle.

Na shida: banɗaki da ruwa

Yanzu ɗauko takardar nan da ka sa alamar salgar maƙwabta. Ƙa'idar da masu aikin tsaftar muhalli suke bi ita ce a bar mita 30 tsakanin ramin ba-haya da rijiyar sha. Filinka kuwa mita 15 ne kowane gefe, daga kusurwa zuwa kusurwa ma bai kai mita 22 ba. Ma'ana, a rabin fuloti ba yadda za a yi rijiya da salga su zauna lafiya, ko taka ta yi nisa ta maƙwabci tana jikin katanga. Amai da gudawa da taifot ta nan suke shiga gida. Shawarata ita ce ka haƙura da rijiyar gida. In ruwan famfo na Dadin Kowa yana zuwa unguwarku ka ja, in ba ya zuwa ku haɗa kai da maƙwabta ku haƙa burtsatse mai zurfi a wuri ɗaya da ya nisanci ramuka, ko ka yi tanki kana sayen ruwa.

Rufinka ma rijiya ne. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Gombe tana samun wajen milimita 850 a shekara, rufin misalinmu kuma ya ɗan haura murabba'in mita 100. Ko an cire abin da ke zubewa, ana maganar lita 70,000, wato jarka 2,800 masu lita 25. Ruwa ɗaya mai milimita 20 ya isa ya cika tankin lita 2,000. Ka sa mazurari a bakin kwano, ka bar ruwan farko ya wanke ƙura ya zube, tankin kuma ya kasance a rufe saboda sauro. Na sha a tafasa ko a sa masa magani.

Ramin ba-haya na zamani a yi shi gida biyu, a shafe cikinsa da siminti sosai don kada ya yi yoyo, sannan ruwan ya wuce sokawe. Ka sa su ta gaba kusa da titi inda motar kwashewa za ta kai, kuma kada a gina ɗaki a kansu. Bututun ya gangara kamar inci 1 a kowace ƙafa 4. In salga za ka yi, ka sa mata bututun iska mai faɗin inci 4 da ya zarce rufinta da kamar rabin mita, a shafa masa baƙin fenti, a ɗaure raga a bakinsa. Rana tana ɗumama shi ya ja wari sama, ƙudajen da suka bi haske kuma raga ta tare su. Alƙibla daga Gombe gabas take, ta ɗan karkata arewa, don haka ka nuna wa mai aikin famfo ya dasa mazaunin yana kallon kudu ko arewa. Sau da yawa sai an gama tayil ake tunawa.

Daɓen ɗakuna ya ɗara titi da aƙalla ƙafa ɗaya da rabi, domin duk ranar da aka yi wa layinku ciko ko kwalta titin zai tashi. A shimfiɗa leda kafin a zuba kankaren daɓe don hana danshi hawa bango. Tsakar gida ta gangara zuwa rariya, ruwan wanka da na wanke-wanke kuma ya tafi sokawe ta bututu. Kwatar da ke kwance a ƙofar gida gonar sauro ce, kuma 'ya'yanka za ta fara ci.

Na bakwai: hayaƙi da ɓera

Kicin ya samu taga biyu da kafa a sama. In da itace ko gawayi ake girki, a yi murhun a 'yar rumfa a tsakar gida, nesa da tagar ɗakin kwana. Tukunyar gas ta zauna a waje cikin keji mai iska, tiyo ya shigo ta bango. Janareta kuwa ka ware masa wuri tun a zane, a sararin waje, bakin hayaƙinsa ba ya kallon kowace taga. Hayaƙinsa yana ɗauke da guba marar wari da ke kashe mutum cikin barci, haka ma kaskon garwashi a rufaffen ɗaki lokacin sanyi. Wannan ƙafa 4 ta baya ba wurin janareta ba ce, ko da ta yi kama da shi.

Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashinsa a kan abinci, kuma yankinmu yana fama da shi da rani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sito ya samu daɓen siminti, ƙofar ƙarfe da ta zauna daf da ƙasa, da raga ta ƙarfe a kowace kafa har da bakin rariya. Buhunan masara da wake a ɗora su a kan dakali, a ja su daga jikin bango.

Na takwas: in wuri ya ƙare, a hau sama

Ranar da ɗaki uku suka kasa, zaɓi biyu ne: a cinye tsakar gida ko a hau bene. Ka yanke shawarar tun yau, domin bene daga fandisho yake farawa. Ka samu injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a ƙasar nan, ya lissafa ginshiƙai da rodi na hawa biyu, ko da hawa ɗaya za ka gina yanzu. Ɗora dakin, wato rufin kankare da bene ke zama a kai, a kan ginin da ba a shirya masa ba kasada ce da rayukan iyali, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ka ware wurin matakala tun yanzu, ko da sito za ka mayar da shi kafin lokacin. Mai juyawa tana cin wajen ƙafa 7 da 11. Kowane taki kada tsayinsa ya wuce inci 7, faɗinsa kada ya gaza inci 10, a sa mata abin riƙewa. Ƙarƙashinta kuma ya zama ma'aji. Idan an zuba dakin a riƙa ba shi ruwa safe da yamma aƙalla kwana bakwai, kada a yi gaggawar cire katakon da ke tallafe da shi, domin kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa.

Benen ya hau kan jerin ɗakunan baya kawai, ko ya haɗa da hannun yamma, tsakar gida ta ci gaba da ganin sama. Akwai kuma haƙƙin maƙwabci: tagar sama da ke kallon gidan wani a ɗaga ta ta kai ƙafa 6 daga daɓe, iska ta shiga, ido bai faɗa kan iyalin mutane ba. Barandar sama ta kalli cikin gidanka.

Ƙananan dabaru a ciki

Bangon waje da mai ɗaukar nauyi bulo mai inci 9, na raba ɗakuna mai inci 6 ya isa in injiniya ya yarda. Ma'ajiyar kaya a gina ta a jikin bango har silin, sama a sa akwatuna da kayan sanyi. Gadon yara mai hawa biyu, ko katifun da ake jinginewa da safe ɗakin ya koma wurin karatu. Falo kuma ba dole sai an cika shi da manyan kujeru ba, kafet da matasai sun fi ɗaukar mutane. Farin fenti ko mai haske a ciki yana sa ƙaramin ɗaki ya wadatu da hasken taga.

Yadda za a jera kashe kuɗi

Kaɗan ne a cikinmu ke gina gida a zama ɗaya, don haka jerin yana da muhimmanci. Ka fara da zane da izini. Sai fandishon gidan gaba ɗaya a lokaci guda, don kada ginin ya zauna rabi da rabi ya tsage, kuma don fandishon ya tsare tsarin daga mai son sauya shi gobe. Sai katanga, sai banɗaki da raminsa da tanki, sannan ɗaki biyu da kicin ka tare. Ƙarfen ado da tayil na waje su jira.

Bulo ka je inda ake buga shi da kanka. Ka kankare shi da ƙusa, ka ɗaga ɗaya zuwa ƙirji ka sake shi a ƙasa. In ya wargaje ya zama gari, an yi masa rowar siminti ko ba a ba shi ruwa ba, ka nemi wani wuri. Siminti ba ya mana nisa, ga Ashaka nan a Funakaye, amma buhun da ya kwana a danshi ya yi ƙulalai kada ya shiga ginshiƙi.

Tsakar gida kada a malale ta duka da siminti, zafi take tarawa ta mayar wa ɗakuna. A yi daɓe a hanyar tafiya da wurin wanki, a bar sauran yashi. A nan za ka dasa bishiya. Maina da mangwaro saiwarsu tana da ƙarfi, sun fi dacewa da ƙofar gida, nesa da bango da bututu. A ciki ka sa lemun tsami ko gwaiba a tsakiya, zogale da gwanda a gefe. Ka dasa ta a makon da aka fara haƙa fandisho, ka kewaye ta da bulo huɗu don kada lebura su take ta, mai ba bulo ruwa ya riƙa zuba mata ragowar bokiti. Kafin ka tare ta fi ka tsayi.